Ciwon bayan da nis samu wurin aikin soja, akwai hanyar biɗar haƙƙina bayan ritaya?

Sitaf_Mabera

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, Allah shi sa kuna lahiya. Ni tsohon soja na, Sitaf Saje nib bar aiki, ina zaune Mabera nan cikin Sakkwato. Ɗiyata tac ce in rubuto nan wai akwai tsofaffin ma'aikata da masu ilimin asibiti, to ga ni, ku yi haƙuri da tsawon magana don abin ya daɗe shina cina.

Na shiga Depo Zariya 1996, anka kai mu Saliyo 1998 lokacin ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lahiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, na yi Darfur 2008, kana anka tura mu Borno 2014. Duk wagga tahiya harsashi bai taɓa jikina ba Alhamdulillahi, mota ta tak karya ni. Cikin damanar 2015 hanyar Damboa, mu tara bayan mota kowa da rigar sulke da hular kwano, direba yak kauce ma wani wuri da yag ga an tona ƙasa don tsoron ko an binne wani abu, sai mota taz zame ta gefe tah hwaɗa kwazazzabo. Nid diro da kwankwaso bisa akwatin harsashi, wani kofur kuma yah hwaɗo bisa kaina da kayanai gaba ɗai. Wallahi na ji abin da yay yi ƙas ƙasan bayana, har yau in na rufe ido ina jin ƙarar. Yaron da ke ba mu magani yay yi mani allura yab ba ni ƙwayoyi, kwana 3 ina kwance cikin tanti, na huɗu nit tashi nik koma layi.

Ga inda nic cuci kaina. Da munka komo bariki ban yi sik rifot ba, wato ban tahi asibitin soja na kai rahoton ciwon ba. Wanda duk yas san soja ya san dalili, mai yawan zuwa asibiti rago aka ce mai, a ce gudun daji shika yi, ga shi lokacin ina jiran a sa sunana kwas ɗin ƙarin girma. Sai in sayi magani kemis in sha in ɗaure ƙugu da rawani ƙarƙashin kaki in hita fareti. Haka nid dinga yi shekara 6, har 2021 nig ga tsayuwar minti 20 ma ta gagare ni nir rubuta takardar barin aiki, shekarata 25 cif. Wurin gwajin ƙarshe likita yat tambaye ni ko akwai abin da ke damuna nic ce lahiya lau, don ina sauri takarduna su hita in samu giratuti.

Yanzu ga halin da nike ciki. Ba ni iya ruku'u, kujerar roba yara ke ɗaukar mani zuwa masallaci, liman dai ya kwantar mani da hankali da hadisin Imrana ɗan Husaini cewa wanda bai iya tsaye shi yi zaune, amma mutumin da yay yi shekara 25 shina ƙamewa a ce yau kujera aka jawo mai gaban ƙannenai, akwai ciwo. Ƙahwar hagu tun daga ɗuwawu har babban yatsa awa an zuba mani garwashi, wani lokaci kuma ta mutu murus, ranar Juma'a silifas ɗina yaz zare hanyar masallaci na yi taku ya kai goma ban sani ba sai da wani yaro yab biyo ni da shi. Mashin ɗin kabu-kabu da nis saya da kuɗin sallama wata 2 kawai nih hau, tilas nib ba wani yaro shina kawo balas. Gonata ta Dange ma na ba da ita aro. Fansho na shigowa, ban ce ba, amma fanshon mai lahiya na, rabi na tahiya ga magani.

Na je wani ofis har sau biyu, na hwarko anka ce oga bai nan, na biyu wani yad dubi takardata yac ce ai ka riga ka sa hannu lahiyarka ƙalau, mi kaka biɗa kuma. To shi na nika tambaya, wanda yar riga yab bar aiki ana iya sake zaunar mai da bod, wato kwamitin likitocin soja da ke duba lahiyar mutum? Kuma in ana iyawa ta ina aka hwarawa, wace takarda za ni nema? Ba sadaka nika roƙo ba, bayan ga wurin aikin ƙasa yal lalace.

Tsohon_Samanja

Wa alaikumus salam Oga Sitaf, sannu, Allah shi ba da lahiya shi sa kaffara ta. Na karanta har ƙarshe kuma ban ga laihinka ba, mu munka koya ma yara haka, ni kaina sau nawa nik kori soja daga layin sik rifot nic ce ƙarya shika yi, Allah shi gahwarta muna.

Ni nawa guiwa ta da ƙugu, kuma bambancina da kai guda ɗai na, ni an zaunar mani da bod tun ina cikin kaki, a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, likitoci sunka duba sunka rubuta cewa aiki yaj jawo, sunka yanka mani kason nakasa, da wagga takarda anka sallame ni. Don haka ba ni ɓoye maka, taka ta fi tawa wuya nesa ba kusa ba. Amma wuya daban, rufaffar ƙofa daban.

Abin da ya kamata ka gane tun yanzu don kar ka ƙare kuɗin motarka a banza, Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja aikinta lissahi da biya, abin da rundunarka tat tura mata a kanka shi taka bi. In fayil ɗinka ya ce lahiyayye anka sallama, to fanshon lahiyayye za su ba ka ko shekara nawa kay yi kana zarya. Gyaran daga gida za shi taso, wato Rundunar Sojan Ƙasa, ita ad da likitocin da ke zaman bod, ita kuma ad da fayil. Saboda haka takardar koke za ka rubuta zuwa ga Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa, kana roƙon a sake duba lahiyarka, kuma ka bi da ita ta ofishin Lijiyon na jiha, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, su ɗora tasu takarda bisa, ta hi nauyi bisa ga ka tahi kai ɗai da ambulan a hannu.

To amma kahin ka rubuta ko kalma guda, ka san abin da za su tambaya. Ba za su yi musun bayanka na ciwo ba, kowane dattijo bayanai na ciwo, manomi ma da bai taɓa ganin bariki ba haka. Tambayarsu ita ta, mi an nan da ke nuna aikin soja yaj jawo? Nan aka cin nasara, nan aka hwaɗuwa. Kuma nan nig ga kana da abin riƙewa wanda kai ba ka lura ba: MOTA. Oga Sitaf kai ka sani, a soja mutum na iya jin ciwo a yi shiru, amma motar gwamnati ba ta kihewa cikin kwazazzabo a yi shiru. Dole an aika sigina sama ranar, galibi kuma akan kahwa kwamitin bincike don a san ko direba ad da laihi, kuma ana rubuta waɗanda ke cikin motar. Ka zauna ka tuno bataliyar da kake ƙarƙashinta lokacin, kamfaninku, watan, in da hali ranar da lambar motar. Ka sa su cikin takardarka dalla-dalla don su san inda za su tona. Tarihin aikin kowane soja kuma na nan ofishin ajiyar bayanai na Lokoja, duk inda anka tura ka da shekarar na ciki, shi za shi tabbatar kana Borno 2015.

Sai mutane. Kofur ɗin da yah hwaɗo maka, direban, yaron da yay yi maka allura, kwamandan kamfaninku in Allah ya sa shina raye. Ko biyu kas samu su rubuta abin da sunka gani da sunansu da lambar aikinsu su sa hannu, wanda yay yi ritaya shina iya zuwa kotu shi yi rantsuwa bisa takardar. Ka hanzarta da wanga, mutanenmu na Borno kullum raguwa suke, wanda yaƙi yab bari ciwo na ɗauka.

Maganar ka ce ma likita lahiya lau kuwa, kar ka ɓoye ta, suna da takardar gabansu. Ka rubuta gaskiya yadda kah hwaɗa muna nan, cewa tsoron a kira ka rago da biɗar ƙarin girma sunka sa. Waɗanda za su karanta su ma kaki sunka sa, sun san zancen.

Kuma don Allah kar ka ba kowa takardar sallamarka ta asali, kowa a shi. Hoto-kwafi, kuma duk ofishin da kak kai a buga maka hatimi da kwanan wata bisa kwafinka.

Anti_Fisiyo

Baba sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, maganar fansho na bar wa su Baba Samanja, amma akwai abin da ka faɗa da ya tsaya min a rai, wato takalmi ya fita daga ƙafarka ba ka ji ba. Baba wannan ba ciwon baya ne kawai ba, alama ce ta jijiya na shan matsi, kuma ya fi maganar kuɗin gaggawa.

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wani faifai mai taushi kamar matashi, idan ya fashe ko ya zamo sai ya danne jijiyar da ke saukowa ƙafa, kuma yawanci a can ƙasa abin ke faruwa, wurin da likitoci ke kira L4/L5 da L5/S1. Zafin da ke bi ta ɗuwawu har babban yatsa da mutuwar saman ƙafa sun fi kama da jijiyar L5, kuma ita ce mai ɗaga tafin ƙafa sama. Ka gwada yanzu ka dafa bango ka yi tafiya da dugadugai, in ka ga ta hagun tana faɗuwa ko tana jan ƙasa to ka faɗa wa likita da bakinka, kar ka jira ya tambaya. Ba zan iya yanke maka hukunci ta waya ba, akwai wasu cututtukan da ke kama da haka, har tarin fuka na kama ƙashin baya kuma muna ganinsa a nan, shi ya sa sai an duba.

Hoton ƙashi na eksire ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna faifan ko jijiyar sosai, mutane da yawa an ce musu hotonka lafiya lau sun koma gida da ciwonsu. Hoton MRI ne ke nunawa, wato na na'urar da ke nuna tsoka da jijiya. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ga asibitin ƙashi na Wamakko, in ta kama a fita akwai na Dala a Kano. Kuma kafin ka cire kuɗi daga aljihu ka duba rajistarka ta DHML, inshorar lafiyar sojoji ce kuma ta haɗa da waɗanda suka yi ritaya, ka fara daga asibitin da aka yi maka rajista su ba ka takardar turawa da lambar izini, a can za su gaya maka abin da inshorar ke ɗauka. Ganin likitan tiyata ba yana nufin za a yanka ka ba Baba, da yawa motsa jiki da gashi da magani daidai ke riƙe su.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, ka wayi gari fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyi da wurin zama ya mutu, ko ƙafa biyu sun saki lokaci ɗaya, to ko tsakar dare ne a kai ka sashen gaggawa, wannan awoyi ake ƙirgawa ba kwanaki ba.

Sai magungunan kemis ɗin nan. Shekara da shekaru ana shan diclofenac ko ibuprofen kullum yana cin ciki ya kawo olsa, yana kuma taɓa ƙoda, ballantana ga mai hawan jini a zafin Sakkwato da mutum ke yini cikin ƙishi. In kuma akwai tramadol a ciki ka faɗa wa likita ba kunya, kar ka yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Ka sa a duba maka ƙoda. Masu ɗori kuma da masu taka baya da ƙafa, ina girmama su a kan abin da suka iya, amma jijiyar da ke danne ba a taka ta.

Na ƙarshe wanda zai taimaki takardarku, idan likita zai rubuta rahoto ka ba shi labarin motar tun daga farko da shekarar, ya shiga fayil. Ka roƙe shi ya rubuta abin da ba ka iya yi a zahiri, minti nawa kake tsayawa, nisan da kake takawa, iya inda kake sunkuyawa, ƙarfin ƙafar. Rahoton da ya ce ciwon baya kawai ba ya ɗaukar kowa zuwa ko'ina.

Yaron_Baba_Illela

Baba Allah shi ba ka lahiya. Ni dai gargaɗi guda niz zo da shi don mu an yi muna. Mahaihina ma tsohon soja na, wani mutum yaz zo har gida Illela da katin wuya da manyan takardu wai shi aka turowa daga Abuja shina gyara fayil ɗin masu nakasa, yak karɓi kuɗin tumaki 2 da munka sayar, yak karɓi kwafin takardu har da lambar BVN, yac ce wata 3 za a ji alat. Daga ranar layinai bai sake shiga ba, tsohon har yar rasu shina cewa ƙila gobe. Sai da munka ruga banki anka toshe asusun. Duk wanda yac ce ka kawo kuɗi shi tura maka fayil, ko yak kira ka wai tantancewa ta ka karanto mai lambar da taz zo wayarka, kashe wayar kawai. Kuma gaskiya ni Baba zuciyata ta mutu ga lamarin ga, kar ka sa rai da yawa.

Tsohon_Samanja

Ɗana Allah shi jiƙan mahaihinka, shi isar mai. Gargaɗinka gaskiya na ɗari bisa ɗari, amma maganar ƙarshe ban tare da kai. Mahaihinka ɓarawo yah haɗu da shi, takardarai ba ta taɓa isa teburin kowa ba balle a ce an hana shi. Oga Sitaf dai shi rubuta, in sun ƙi su ƙi a rubuce, ko ita wagga takardar ƙin abin riƙewa ta ga wanda za shi kai magana gaba wurin lauya.

Malam_Gidan_Igwai

Salam. Ni ba soja ba ne malamin makaranta ne, amma ɗan yayata ya yi aikin soja a Amurka kuma shi ma bayan ne ya fitar da shi, na ga yadda ya bi nasa shi ya sa na ce bari in sa baki. Su can ma'aikata guda ce sukutum ta tsofaffin sojoji, VA suke ce mata, suna auna nakasa daga 0 zuwa 100 goma-goma, a biya mutum duk wata kuma ba a cire haraji, sannan ko bayan shekara 20 da barin aiki mutum na iya shigar da buƙata. Baya kuwa da ma'auni suke auna shi, wanda sunkuyonsa bai wuce digiri 30 ba kashi 40 ne, tsakanin 30 da 60 kashi 20, jijiyar ƙafa kuma lissafinta daban. Dokarsu ce ba tamu ba, kar a ɗauka haka yake a nan. Abin da ya sa na kawo shi, duk da kuɗinsu abu uku suka nema wurin yaron nan, shaidar likita cewa ciwon na nan yanzu, shaidar abin da ya faru lokacin aiki, da likitan da zai ce wancan ne ya haifi wannan, kuma sun karɓi rubutaccen bayanin abokan aikinsa a matsayin hujja. Kusan abin da Samanja da Anti suka faɗa ke nan. In kana so Oga Sitaf ni zan zauna da kai mu tsara takardar da Turanci, ba ko sisi, Gidan Igwai da Mabera ba nisa.

Sitaf_Mabera

Jama'a na gode, Allah shi saka da alheri, wallahi jiya ban yi barci da wuri ba ina ta karantawa ina sa ɗiyata ta maimaita.

Oga Samanja ranka shi daɗe, ka tuna mani abin da nim mance. An yi binciken motar, tabbas an yi, don sai da anka kira mu ɗaya-ɗaya gaban wani Manjo anka tambaye mu gudun da direba ke yi, kuma na sa hannu ga bayanina. Ban dai tuna ko na ambaci bayana ciki ba, ina jin na ce na bugu. Da swahe nis sa anka jawo mani akwatin ƙarhe daga ƙarƙashin gado, cikin wani tsohon littahin aljihu nis samu ranar, 11 ga watan 8, na rubuta mota ta hwaɗi Allah ya tsare, ƙasa kuma sunayen mu tara. Huɗu na san sun riga mu gidan gaskiya. Kofur ɗin nan mutumin Argungu na, an ce ya bar aiki shina sayar da shinkahwa, na aika ƙanen matata shi biɗo mani lambarai.

Ɗiyata Anti Fisiyo, na gwada tahiya da dugadugan, ta dama ta yi, ta hagu taku 3 tas saki. Hitsari da sauran lahiya lau Alhamdulillahi. Tramadol kuwa akwai shi, shekara 2 ke nan, ko uwar ɗiyana ba ta sani ba sai yau da anka karanta gabanta. Katin DHML ɗina na nan, asibitin barikin Giginya anka yi mani rajista, Litinin in Allah ya kai mu da sassahe can za ni hwara in karɓi takardar turawa, kwalin magungunan duka za ni zuba a leda in tahi da su likita shi gani da idonai.

Malam na karɓi tayinka hannu biyu, amma bari in samo rahoton likita da maganar mutumin Argungu tukuna, sai mu zauna sau guda. In ka zo Mabera ka tambayi gidan Sitaf mai kujerar masallaci, yaran unguwa za su kawo ka.